Idon alƙali da numfashin kare: yadda gasar kyau take sauya halittar karnuka

A watan Maris na 2012, a babban zauren baje koli na birnin Birmingham a Ingila, inda ake gasar karnuka ta Crufts, an yi abin da ba a saba gani ba. Alƙalai sun gama aikinsu, sun fitar da zakara a kowane irin kare, an yi tafi an ɗauki hotuna. Sai aka ce zakarun iri 15 su biya ta wajen likitan dabbobi kafin su wuce zagaye na gaba. Shida ba su tsallake ba: Bulldog, Pekingese, Clumber Spaniel, Mastiff, Neapolitan Mastiff da Basset Hound. Aka hana su matsayin da alƙali ya riga ya ba su. Mutumin da ya yi shekaru yana nazarin irin ya duba kare ya ce babu kamarsa a fage, likita kuma ya duba wannan karen dai ya ƙi sa hannu.

Masu karnukan sun yi ca. Suka ce an zubar wa alƙalai mutunci a bainar jama'a, wasu suka yi ƙorafin cewa likita ya haska idon kare da 'yar tocila alhali alƙali ba ya shiga fage da tocila. Cikin 'yan kwanaki har ƙungiya suka kafa don yaƙar tsarin. Amma tambayar da ta rage bayan ƙura ta lafa ita ce: ta yaya ƙwararru biyu za su kalli dabba ɗaya, wannan ya ga kammala, wancan ya ga ciwo?

Sai an san aikin alƙalin gasa kafin a gane amsar. Kowane irin kare mai takardar asali yana da rubutaccen bayanin siffar da ake so a gare shi: girman kai, tsawon baki, zaman kunne, launin gashi, tsayuwar wutsiya, irin takunsa. A Birtaniya wannan kundi yana hannun Kennel Club, ƙungiyar da aka kafa a 1873. Ita ke riƙe da rajistar asali, ita ke ba alƙalai izini, ita ce kuma mai gasar Crufts. Idan an shigo fage, ƙananan karnuka a ɗora su kan tebur, manya a tsayar da su a ƙasa. Alƙali ya ɗaga leɓe ya ga zaman haƙora, ya shafa kai da kafaɗa, ya auna faɗin ƙirji da hannu, ya bi gadon baya da tafinsa har wutsiya. Daga nan ya ce mai kare ya ja shi su je su dawo, su zagaya fage. Duka-duka minti biyu ne ko uku. Karen da ya samu babbar takardar nasara sau uku a hannun alƙalai uku daban-daban ya zama gwarzo, kuma a nan ne maganar take fita daga fage ta shiga jini, domin kowa yana son a yi wa karyarsa barbara da gwarzo. Namiji ɗaya yana iya zama uban ɗaruruwan kwiyakwiyai. Abin da ya burge alƙali a cikin minti uku, shi za a yi ta haifa shekara goma.

To, kundin ya ce bakin wannan iri gajere ne. Bai faɗi santimita nawa ba. Alƙali yana tsaye da karnuka goma a gabansa, duk masu gajeren baki, kuma dole ya fitar da ɗaya. Wanda siffar irin ta fi fitowa fili a jikinsa shi ke ɗaukar ido, wato wanda bakinsa ya ɗan fi na sauran gajarta, kansa ya ɗan fi faɗi, fatarsa ta ɗan fi tattara. Bayan 'yan shekaru 'ya'yansa da jikokinsa ne suka cika fage, abin da ake kira matsakaici ya matsa gaba, sabon alƙali ya sake zaɓar wanda ya ɗara. Babu wanda ya zauna ya ƙulla cewa sai ya hana kare numfashi. Kowane mataki ƙarami ne, bai kai a yi magana a kansa ba. Sai an ajiye hoton Pug ko Bulldog na ƙarni na 19 kusa da na yau ake ganin nisan tafiyar: na dā yana da hanci da ya fito, da ƙafafu masu tsawo, da jiki mara nauyi. A gidan tarihin halittu na birnin Bern a Suwizalan akwai tarin ƙoƙunan kan karnuka na shekaru sama da 100, kuma masu bincike sun auna su sun nuna yadda kan wasu iri ya sauya a hankali zuwa ga abin da kundin gasa yake yabo.

Bulldog ya fi kowa nuna wannan tafiya. Asalinsa karen faɗa da bijimi ne, wasan da dokar Ingila ta haramta a 1835. Da aikinsa ya ƙare sai masu gasa suka ɗauke shi, domin ba a daɗe ba, a 1859, aka yi gasar karnuka ta zamani ta farko a birnin Newcastle. Har gobe za ka ji masu kiwonsa suna cewa an tura hancinsa baya ne don ya iya numfashi yana riƙe da bijimi, tattarar fuskar kuma don jini ya gangara bai shiga ido ba. Labari ne mai daɗin ji. Sai dai zane-zanen zamanin sun nuna cewa karnukan da suka yi faɗan da gaske ba su da wannan fuska, kuma Bulldog na yau da wuya ya zagaya bijimi sau biyu bai zube ba.

A dubi abin da ke faruwa a cikin kan irin wannan kare. An gajarta ƙashi, amma naman da ke ciki bai ragu daidai da shi ba. Harshe yana nan da girmansa, naman ganɗa na can baya yana nan da tsawonsa, kamar a kwashe kayan babban ɗaki a cusa a ƙaramin ɗaki. Naman ganɗar sai ya reto a bakin maƙogwaro, ƙofofin hanci su matse su zama 'yan tsaga, a wasu ma bututun iskar kansa siriri ne. Duk jan numfashi sai da ƙarfi, kuma wannan ƙarfin yana kumbura naman wajen, hanya ta ƙara ƙuncewa. Kare ba ya sanyaya jiki da gumi kamar mutum, da haki yake yi, iska tana bi ta kan danshin hanci da harshe tana kwashe zafi. Wanda aka toshe wa wannan hanya, 'yar rana kaɗan ko ɗan gudu na iya kai shi ga suma. Akwai masu barci a zaune, ko su ɗora haɓa kan wani abu, ko su kwanta da abin wasa a baki don hanyar iska ta zauna a buɗe. Mai kare ya ɗauki hoto ya sa a intanet, mutane su yi ta cewa abin sha'awa.

Wannan shi ne wajen da ya fi tayar mini da hankali, domin ba alƙali kaɗai idonsa ya saba ba. Wani bincike da aka yi a Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan, aka buga a 2012, ya gano cewa kashi 58 cikin 100 na masu karnukan da ke da alamun wannan ciwo sun ce karensu ba shi da matsalar numfashi. Suna jin minsharin, suna ganin hakin, amma sun ɗauka haka irin yake. Idan mai kare da ke kwana da shi a ɗaki ɗaya bai ga ciwo ba, me za a ce da alƙalin da ya girma a cikin irin, ya yi kiwonsa, abokansa duk masu kiwonsa ne, kunnensa ya ji wannan gurnani tun yana yaro?

Sauran siffofin ba sai an daɗe a kansu ba, hanyarsu ɗaya. Fatar da ta yi yawa a fuskar Shar Pei tana naɗe fatar ido ciki, gashi ya riƙa gogar ƙwayar ido. A Neapolitan Mastiff da Basset Hound nauyin fata ne yake jan fatar idon ƙasa ta zazzago, jan nama ya fito fili. Ninkin fata yana riƙe danshi ya zama gyambo. Dogon baya da gajerun ƙafafun Dachshund suna tafe da ciwon ƙashin baya da kan kai ga shanyewar ƙafafu. Murɗaɗɗiyar wutsiyar da ake so a Pug da Bulldog tana da alaƙa da karkacewar ƙasusuwan baya. Ƙaton kai da matsattsen ƙugu kuwa sun sa haihuwa ta gagara: wani bincike na Birtaniya da aka buga a 2010 ya nuna sama da kashi 80 cikin 100 na haihuwar Bulldog, da Bulldog ɗin Faransa, da Boston Terrier, ta hanyar tiyata aka yi.

Likitocin dabbobi sun daɗe suna faɗin wannan a mujallunsu babu mai saurare. Abin da ya fasa ƙwai shi ne wani shirin bincike da BBC ta nuna a watan Agusta na 2008 mai suna Pedigree Dogs Exposed. Mutane suka ga karen Cavalier yana kururuwa saboda ƙoƙon kansa ya yi wa ƙwaƙwalwarsa kaɗan. Suka ji labarin Pekingese ɗin da ya lashe Crufts gaba ɗaya a 2003, wanda sai da aka zaunar da shi kan ƙanƙara don kada zafi ya kayar da shi a wajen ɗaukar hoto. BBC ta daina nuna gasar bayan shekara sama da 40 tana yi, manyan ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi irin su RSPCA da Dogs Trust suka janye, babban kamfanin da ke ɗaukar nauyin gasar ma ya zare hannu. Kennel Club ta fara da musu, sannan ta sauko. A farkon 2009 ta sake duba kundin siffofi, ta sassauta kalmomin da ke ingiza wuce iyaka, ta kuma daina yi wa kwiyakwiyan da aka samu tsakanin uwa da ɗa, ko uba da 'ya, ko wa da ƙanwa rajista. A 2010 rahoton Farfesa Patrick Bateson na Jami'ar Cambridge ya fito, ya tabbatar da cewa matsalar ba ƙirƙirar 'yan jarida ba ce.

Daga wannan rikici ne tsarin sa ido mai suna Breed Watch ya fito. Ya kasa ire-iren karnuka kashi uku. Na farko babu wani abin damuwa da aka lura da shi. Na biyu akwai abubuwan da aka lissafa wa alƙali ya kula da su, kamar matsattsen hanci, ko raunin ƙafafun baya, ko ƙiba, ko cunkoson haƙora. Na uku su ne waɗanda zakaransu sai ya ga likita kafin a tabbatar masa da nasara. Daga 2014 aka wajabta wa alƙalan kashi na biyu da na uku a manyan gasanni su cike takarda bayan sun gama, su faɗi abin da suka gani a fage. Iri yana iya hawa ko sauka tsakanin rukunan gwargwadon rahotanni da ƙoƙarin masu kiwonsa. Alƙali kuma yana da ikon hana kyauta, ko ya fitar da kare daga fage idan yana ɗingishi ko numfashinsa na sarƙewa. Suwidin da maƙwabtanta na arewacin Turai suna da makamancin wannan, inda ake ba alƙali takardar jan hankali kan irin da zai duba tun kafin ya shiga fage.

Ba zan ce tsarin bai yi komai ba. Ya sa alƙali ya san cewa akwai mai duba bayansa, kuma wanda aka taɓa soke masa zakara a gaban jama'a zai yi tunani sau biyu kafin ya sake miƙa kyauta ga kare mai jan ido. Amma rauninsa a fili yake. Takardar da alƙali yake cikewa, da wannan idon dai da ya saba yake cike ta. Idan a wajensa minshari al'adar iri ce, zai rubuta cewa bai ga komai ba, kuma ba ƙarya ya yi ba. Ga kuma zumunci: duniyar kowane iri ƙarama ce, alƙalin yau shi ne mai nuna kare gobe, kuma wanda ya hana wa kyauta yau yana iya zama mai yi masa alƙalanci a wata mai zuwa. Dubawar likita ma iyakarta abin da ido da hannu suka gani a wannan ranar: kumburin ido, gyambon fata, ɗingishi, haki. Ba a ce ya hukunta siffa ba, alamar ciwo aka ce ya nema. Kare ɗaya yake gani a cikin ɗaruruwan da suka shiga, na biyu da na uku su tafi gida da kyaututtukansu babu wanda ya taɓa su. Ciwon zuciyar Cavalier ko matsewar ƙwaƙwalwarsa kuwa babu alƙalin da zai gan su ta hanyar shafa gashi.

A 2016 aka ga iyakar abin ƙarara. Wata karya 'yar irin German Shepherd ta zama zakarar irinta a Crufts, bayanta a gangare, ƙafafun bayanta kamar ba za su ɗauke ta ba. Ta wuce alƙali, ta wuce likita. Masu kallo a talabijin, waɗanda ba su taɓa karanta kundin siffa ba, su ne suka ce wannan ba daidai ba ne, har Kennel Club ta fito ta nuna damuwarta, daga baya ta ƙara a kundin cewa dole kare ya iya tsayuwa da kansa cikin natsuwa ba tare da an tallafe shi ba. A lura: sai da aka rubuta wa ƙwararru cewa kare ya iya tsayuwa.

Shi ya sa nake ganin matakin da ya fi ma'ana shi ne wanda ya cire hukunci daga ido ya mai da shi ga awo. A 2019 Kennel Club da Jami'ar Cambridge suka fito da gwajin numfashi na Bulldog, da Bulldog ɗin Faransa, da Pug. Likitan da aka horar yana sa abin sauraren ƙirji a maƙogwaron kare yana hutawa, sannan a sa shi sassarfa na minti 3, a sake saurare. A ba shi maki daga 0 zuwa 3: sifili lafiya lau, uku kuwa ciwo ya yi tsanani, bai kamata a haifa daga gare shi ba. Daga gasar Crufts ta 2025 aka ce waɗannan iri uku ba sa shiga sai da sakamakon gwajin, mai maki 3 kuma ba shi da wuri. Gwajin bai damu da kyan kai ko sunan mai kiwo ba. Tun daga shirin BBC zuwa wannan sharaɗi shekara 17 ke nan, zuriya nawa ta karnuka ke nan?

Masu gasa suna da wata hujja da ya kamata a saurara. Suna cewa mafi yawan karnukan da ke wahala ba su taɓa taka fagen gasa ba. Gaskiya ne. Bulldog ɗin Faransa ya tashi daga 'yan ɗaruruwa a rajistar Birtaniya zuwa sama da 30,000 a shekara, har ya ture Labrador daga matsayi na ɗaya a 2018. A Amurka ma ya yi haka a 2022, bayan Labrador ya yi shekara 31 a sama. Wannan kasuwa taurari da Instagram ne suka hura ta, masu neman kuɗin gaggawa suka cika ta, kuma su babu ruwansu da alƙali ko kundi. Ƙididdigar Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan ta 2022 ta ba Jack Russell tsawon rai na kusan shekara 12.7, Pug 7.7, Bulldog 7.4, Bulldog ɗin Faransa kuwa 4.5, ko da yake masu binciken sun ja hankali cewa yawan ƙananan karnuka a wannan iri na ƙarshe ya ja adadin ƙasa. Mai kiwo na gari da ke gwada karnukansa yana jin haushin a haɗa shi da waɗancan, kuma yana da gaskiyarsa. Sai dai hoton da mai saye yake ɗauke da shi a kai na yadda Pug na ainihi yake, daga ina ya samo asali? Fagen gasa ne ya zana shi, ya sa masa kambu, ya nuna wa duniya. Ba a cewa mu ne masu tsaron iri idan ana yabo, sannan a ce ai mu 'yan kaɗan ne idan ana zargi.

Wasu ƙasashe sun gaji da jiran gyara daga cikin gida. Holan ta fito da ma'auni a 2019 don aiwatar da dokarta: manufar ita ce bakin kare ya kai aƙalla kashi ɗaya cikin uku na tsawon kansa, waɗanda suka gaza sosai kuma ba a yarda a yi kiwonsu ba. Jamus ta hana nuna karnuka masu alamun kiwon azaba, wato siffar gado mai jawo musu ciwo, a gasa tun daga 2022. A Norwe magana har kotun ƙoli, wadda a 2023 ta tabbatar da haramcin kiwon Cavalier, ta bar Bulldog bisa sharaɗin bin tsarin kiwo mai gwajin lafiya. Ma'aunin Holan yana da masu suka, har cikin masana, domin tsawon baki kaɗai ba ya faɗin yadda kare yake numfashi, faɗin hanci da kaurin wuya da ƙiba duk suna da hannu. Haramci kuma yana iya tura masu saye zuwa ƙetaren iyaka, inda babu mai duba komai. Duk da haka waɗannan dokoki sun yi abin da Breed Watch bai yi ba, sun ce akwai layin da ba a ƙetarewa ko da duk karnukan da ke fage sun ƙetare shi.

Saura tambayar da masu asali suka fi ƙin ji. A ce alƙalai duka sun gyaru gobe, suna zaɓar mai buɗaɗɗen hanci da sassauƙar fata. Shin akwai isassun irin waɗannan a cikin jinin? Masu bincike a Jami'ar California da ke Davis sun duba ƙwayoyin gadon Bulldog sama da 100 a 2016, suka ce bambancin da ya rage a cikinsu kaɗan ne ƙwarai, da wuya a gyara irin daga cikinsa kawai. Mafita ita ce a shigo da jinin wani iri, abin da tsarin rajistar asali aka gina don hanawa. An taɓa gwadawa. Duk karnukan Dalmatian sun gaji wata matsala da ke jawo tsakuwa a mafitsara. A 1973 wani masanin ƙwayoyin gado a Amurka, Robert Schaible, ya haɗa Dalmatian da Pointer sau ɗaya tak, sannan ya ci gaba da mayar da zuriyar cikin Dalmatian yana zaɓar masu lafiyayyen gado. Bayan 'yan zuriyoyi babu mai iya bambanta su da sauran a ido, ga ɗigo-ɗigonsu, ga takunsu. Masu irin suka ce jinin ya gurɓata, suka toshe ƙofa. Sai a 2011, bayan shekara 38, babbar ƙungiyar karnuka ta Amurka ta buɗe musu rajista.